A Ce wa Waccan Ta Zo

Sai da na haifi 'ya'ya biyu kafin na taɓa shiga motar karo, irin ƙananan motocin nan na wurin wasan yara da ake tuƙawa ana gwara su da juna. Bara ne na kai nawa yaran, na cusa kaina cikin ɗaya da ƙyar, gwiwoyina suna taɓa sitiyari, wani yaro da bai kai ƙuguna ba ya yi ta dukana ta baya yana ƙyalƙyala dariya. Na fito wuyana yana ciwo. Babban ɗana ya tambaye ni wai da gaske ban taɓa shiga ba sai ranar, na ce masa an taɓa ba ni dama ina ƙarama, ni ce na ƙi. Ya dube ni kamar wadda aka miƙa wa tsoka ta zaɓi ƙashi. Ban ba shi labarin ba a lokacin, domin hayaniya ta yi yawa, kuma ba irin labarin da ake bayarwa a tsaye ba ne.

Ni ce 'yar fari a gidanmu. A Samaru muka tashi, a gidan haya mai ɗakuna a jere, mu da wasu iyalai da ɗaliban jami'a da ba sa daɗewa. Babana malamin firamare ne. Mahaifiyata kuwa daga ƙauye aka kawo ta, can bayan Giwa, kuma ta zo da al'adunta cikakku, ba ta manta ko ɗaya a tasha ba. Mu Hausawa ne masu zuwa coci, amma coci bai taɓa raba matan garinsu da kunyar ɗan fari ba. A wurinsu mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta yi masa wasa. In an yabe shi ta kau da kai, in an yi masa faɗa ma ta kau da kai. Wadda ta karya wannan, sai a ce idonta a tsaye yake, a yi ta maganarta a bakin rijiya.

Don haka ni a bakin Mama ban da suna. Ni ce "waccan", ni ce "yarinyan nan", in ranta fari ne kuma ni ce "ƙawar Inna". Ko ina tsaye kusa da ita har ina jin numfashinta, sai ta ce, "A ce wa waccan ta zo ta ci abinci." Wanda yake kusa shi zai isar da saƙon, ko ƙanena ne da bai gama iya magana ba. In babu kowa, sai ta faɗa wa iska, ni kuma in karɓa daga iskar.

Inna ita ce kakata, mahaifiyar babana, kuma tare muke zaune. A gadonta nake kwana, ita ke yi mini wanka, ita ke raka ni asibiti, ita ke tsaya mini in na yi laifi. Tsohuwa ce mai baki, goro ba ya rabuwa da ƙuncinta, kuma ƙawata take kirana. Ɗakunanmu biyu ne kacal, tsakar gida kuwa ta kowa da kowa ce, saboda haka ban tuna ranar da muka taɓa zama ni da Mama mu kaɗai ba. Kullum akwai ido, in ba na Inna ba to na maƙwabta. Babana ɗan boko ne, shi kam yana kiran sunana har da ƙari, kuma yakan tsokani Mama ya ce ta gwada faɗa mana, ai ba a cin tara. Sai ta ce, "Malam ke nan," ta ci gaba da tankaɗenta.

Da ba don ƙawata ta ɗakin ƙarshe ba, da wataƙila ban taɓa damuwa ba. Mutanen kudu ne, babanta tela ne a Sabon Gari. Mamarta tana kiran sunanta daga safe har yamma, ta zaunar da ita a cinya tana taje mata kai, ta sumbaci goshinta a gaban kowa, alhali ita ma 'yar fari ce. Wata rana muna 'yar gala-gala a bakin famfo, ba faɗa ba komai, ta tsaya da ƙafa ɗaya ta ce ita fa ta gano wani abu: Mama ba ita ta haife ni ba, riƙona kawai take yi, domin uwar da ta haifi mutum tana kiran sunansa. Ta faɗa ne yadda ake faɗa wa mutum cewa igiyar takalminsa ta kwance, ta ci gaba da tsallenta.

Ni kuwa mai riƙo ce tun ina ƙarama, har yau ma ban warke ba. Ina wajen shekara bakwai a lokacin, na ɗauki maganar na sa a zuciya na fara bincike. In Mama tana daka sai in tsuguna ina kwatanta yatsun ƙafarta da nawa. Na duba kunnenta, na duba nawa a madubin Inna. Ni baƙa ce kamar babana, ita kuwa wankan tarwaɗa ce, ƙanena ya ɗauko launinta, autarmu ma haka. Duk inda na duba sai in ga maganar ƙawata tana ƙara tsayuwa da ƙafarta. Da abin ya ishe ni na tambayi Inna, ta yi dariya har goro ya shaƙe ta, ta ce, "Kunya ne, ƙawata. In kin girma kya gane." Babu amsar da na tsana a duniya kamar wannan. Babana kuwa ban tambaye shi ba, domin shi ba ya ƙarya, ni kuma ina tsoron abin da zai ce.

A cikin wannan hali aka shiga shirin Ista. Babana ya sanar cewa ranar Litinin, bayan an gama hidimar coci, zai kai mu Sabon Gari, inda wasu suka kafa kayan wasan yara a wani fili don bikin. Ƙawata ta riga ta je, ta kuma ba ni labarin motar karo har na haddace, yadda za ka riƙe sitiyari da kanka, yadda za ka daki motar wani ba wanda zai ce maka don me. Na ishi kowa a gidan da zancenta. Ina cin tuwo ina tuƙi da faranti, ina wanka ina tuƙi da murfin bokiti. Inna ta ce in na sake ambaton mota kafin ranar, za ta sayar da ni ga direban bas. Babana kuma ya kafa dokarsa tun a gida, irin ta malamin makaranta: kowane yaro wasa biyu zai zaɓa, babu kuka, babu ƙari.

Ranar muka fito da anko, atamfa ɗaya shuɗiya mai zanen ganye, wadda baban ƙawata ya ɗinka mana. Na daɗe ina kallon rigata ina kallon zanen Mama, ina jin daɗin cewa ko ba komai yau daga turmi ɗaya aka yanko mu. Zafin bazara ya riga ya sauka, tun hantsi kwalta take turiri. Muka shiga bas a bakin kasuwar Samaru, kwandasta ya ce a ɗora yara a cinya. Ƙanena ya hau ta Baba, Mama ta kwance autar daga baya ta rungume ta, ni kuma na hau gwiwoyin Inna masu tsini, ƙafafuna a kan kular shinkafar da muka taho da ita.

Wajen Kwangila wata mata da ke kusa da Mama ta yaba ankonmu, ta tambaye ta ko duka ukun nata ne. Mama ta yi murmushi ta sunkuyar da kai ta ce, "Biyu ne. Waccan ta Inna ce." Matar ta yi dariya, Inna ta yi dariya, har wani tsoho a baya ya ce madalla da 'yar mutunci. Duk sun gane abin da take nufi, ni kaɗai ce ban gane ba. Ni dai na ji da kunnena, daga bakinta, a gaban shaidu. Na juya fuskata wajen taga na yi kamar ina kallon masu sayar da rake har muka sauka a PZ.

Daga nan da ƙafa muka ƙarasa. Tun daga nesa ake jin ƙarar janareta da kiɗa, kuma da muka shiga na ga abin ya fi yadda aka ba ni labari. Ga dawakan roba suna zagaye, ga ƙaramin jirgin ƙasa mai fenti ja, ga masu balan-balan da gugguru da ƙanƙara mai launi, ga masu hoto suna bin mutane. Yara ko'ina, da kayan coci da waɗanda suka zo kallo kawai, ana Hausa ana Turancin Sabon Gari ana wasu harsunan da ban sani ba. Can gefe na hango motocin karo a cikin wata rumfa, amma raina ya riga ya ɓaci, ko murna ban iya yi ba. A tsakiyar filin kuma akwai babban lilo mai siffar ƙafar keke a tsaye, da kujeru a rataye kamar kwanduna, yana ɗaukar mutane sama yana dawowa da su. Ya fi bishiyoyin mangwaron wurin tsawo.

Ƙanena yana ganinsa ya ce shi wannan zai hau. Baba ya ce da ni ai ni ya san nawa, mu fara da na ƙanena tukuna. Ƙanena ya ce dama ni matsoraciya ce, shi ya sa na zaɓi abin ƙasa. Ranar ba ranar da za a tsokane ni ba ce. Na ce ni ma shi zan fara hawa, motar ta jira ta zama ta biyu.

Mai kula da lilon wani mutum ne mai ƙaton ciki da tawul a wuya. Ya ce cikin Hausarsa ta kasuwa cewa yaro ba ya hawa shi kaɗai, kowane kwando mutum biyu ne, babba ɗaya yaro ɗaya. Baba ya riƙe hannun ƙanena, ya waiwaya wajen Inna. Inna ta ɗaga kai ta ƙare wa lilon kallo daga ƙasa har sama, ta ce ita ba za ta kai kanta wurin Ubangiji ba tun bai kira ta ba. Sai kawai ta miƙa hannu ta zare autar daga bayan Mama, ba shawara, ta ce mata ta je ta raka yarinya. Mama ta ce, "Inna, ni?" Inna ta ce to waye, ko mai tawul ɗin za a roƙa. Na sha tunanin wannan daga baya, ko tsohuwar ta lura da fuskata tun a bas. Ban taɓa tambayarta ba har ta rasu.

Mama ba ta taɓa hawa abin da ya fi tsanin rumbu tsawo da son ranta ba. Ko benen asibiti in za ta hau, sai ta bi jikin bango. Amma ba ta iya musu da surukarta, saboda haka ta gyara ɗaurin zanenta ta bi ni a baya. Muka shiga kwandon, ta zauna a can ƙarshen kujera, ni ma na matse a nawa ƙarshen, muka bar fili a tsakani wanda wani yaron zai iya zama. Mai tawul ya sauke ƙarfen da ke tare mutum, ya buga shi ya kulle. Ta riƙe ƙarfen da hannu biyu, tana kallon gabanta kamar mai jiran allura.

Lilon ba ya tashi gaba ɗaya. Yakan ɗaga kaɗan ya tsaya a ɗauki wasu, ya sake ɗagawa ya tsaya, kuma duk tsayawa sai kwandon ya yi ta reto. Na ji Mama ta fara addu'a ƙasa-ƙasa, tana kiran sunan Yesu tana haɗawa da wata waƙar zumuntar mata da ba ta fita sosai. Ni ma na tsorata, amma na rantse a raina ba zan nuna ba, tunda ai ni ta Inna ce. Muka wuce kan rumfuna, muka wuce kan mangwaro. Sai ga Sabon Gari a shimfiɗe, rufin kwano masu tsatsa iyakar gani, ga layin dogo, ga hasumiyar coci da ta masallaci, ga Dutsen Kufena can nesa. Hayaniyar ƙasa ta ragu, wata iska mai sanyi da ban san akwai ta ba a wannan zafin ta bugi fuskata. A can ƙoli lilon ya tsaya cak.

Na ce bari in nemo Inna in ɗaga mata hannu, ta ga ƙawarta ba ta tsoro. Na zame na durƙusa a kan kujera, na leƙa ta gefe har rabin jikina ya fita, kwandon ya karkata.

Sai na ji an kira sunana.

Ba da ƙarfi ba. An faɗe shi ne cikakke, da irin lafazin ƙauyensu, an ja ƙarshensa yadda babu wanda yake ja. Kafin in waiwaya hannuwa biyu sun kama ni ta ƙugu sun fizgo ni, na faɗa jikinta. Ta ce, "Zauna nan. Haka kike tun kina cikina, ba kya zama wuri ɗaya."

Na lafe a jikinta. Idonta a rufe yake, zuciyarta tana bugawa a bayan kunnena kamar ana daka. Da farko mai riƙon nan da ke cikina ta ce ai tsoro ne, ko wa ta samu za ta kama. Sai na duba ƙarfen da ke gabanmu na ga babu hannu a kansa. Matar da ba ta hawa bene sai ta dafa bango ta saki abin da take riƙe da shi gaba ɗaya, a saman bishiyoyi, duk hannayenta biyu suna kaina. Na maimaita maganarta a zuciya, tun kina cikina, na juya ta ta kowane gefe ina neman inda za ta karye, ban samu ba. Daɗin da na ji ban san yadda ake riƙe shi ba, sai kawai na fara kuka a hankali cikin atamfarta.

Lilon ya motsa, muka fara gangarowa. Da muka zo daidai kan mangwaro, inda fuskokin mutanen ƙasa suka fara bayyana, sai na ji hannayenta suna sassautawa. Ta ɗan ture ni gefe, ta matsa ƙarshen kujerarta, ta gyara ɗankwali, ta kama ƙarfe. Muka wuce ta gaban Inna kowa yana kallon nasa gefen, Inna tana ɗaga hannun autar tana yi mana bai-bai da shi. Na ɗauka shi ke nan an gama. Amma lilon bai tsaya ba, ya sake ɗaukar mu sama, kuma muna wuce ganyen mangwaro na ji hannu ya lallaɓo ya jawo ni.

Haka muka yi ta yi. In mun hau ni 'yarta ce, in mun sauko ni ta Inna ce. A zagaye na gaba ban jira an jawo ni ba, da kaina na matsa na kwantar da kai a kafaɗarta. Tana ƙamshin man shafawa da hayaƙin itace da nonon autarmu. Ta buɗe ido kaɗan, ba don ta kalli gari ba, ta bi layin kitsona da yatsa ta ce an ja shi da yawa, ta tambaye ni ko yana yi mini zafi. Na ce a'a, alhali kwana biyu ban yi barcin kirki ba saboda shi. Ta goge mini hawaye da bakin mayafinta, ta ce in daina kar a ga idona ya yi ja. Ta sake faɗin sunana sau ɗaya, ba tare da wani saƙo a bayansa ba, kamar mai ɗanɗana gishirin miya. Sai ganyen mangwaro ya taso, ta sake ni.

Aka buɗe mana ƙarfe, Mama ta fito. Ta taka da ƙyar zuwa gindin wata bishiya ta durƙusa ta amayar da duk abin da ta karya da shi. Baba ya kawo ruwa yana danne dariya, ƙanena yana ba kowa labarin yadda shi ko ƙiftawa bai yi ba, Inna kuwa ta ce dama in ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Mama ta kuskure baki ta ce ita da wannan abin har abada, wanda ya ƙirƙiro shi ma Allah ya shirye shi. Ko kallon inda nake ba ta yi ba, kuma a karon farko hakan bai dame ni ba.

Muka shimfiɗa tabarma a inuwa aka buɗe kula. Shinkafa dafa-duka ce da kifi, da zoɓon da ya riga ya huce a hanya. Baba ya saya mana ƙanƙara mai launi, harshen ƙanena ya koma kore yana ta nuna wa masu wucewa. Autar ta kama balan-balan ta cije shi ya fashe, ta tsaya tana tunanin ko ta yi kuka, sai ta fasa. Mama ba ta ci komai ba, ta kishingiɗa ta rufe fuska da mayafi, fatarta ta yi fari-fari. Ta ce a ce wa waccan ta daina zubar da shinkafa a tabarma, Inna ta isar da saƙon, na ce to.

Da rana ta ɗan yi sanyi Baba ya tashi ya karkaɗe wando ya ce saura wasa ɗaya-ɗaya. Ƙanena ya zaɓi jirgin ƙasa, aka kai shi ya zaga ya dawo yana busa usur da baki. Sai Baba ya juyo wajena ya ce to direba, ga ranarki ta zo, ya nuna rumfar motocin. Na kalle su. Akwai wata ja da babu kowa a ciki, tana tsaye a bakin layi kamar ni take jira. Makonni na yi ina tuƙa ta a faranti da murfin bokiti, kuma na san dokar Baba ba ta da ƙari, na kuma san masu kayan nan za su kwashe su bayan biki, ba wanda ya san ko za su dawo.

Na ce lilon zan sake hawa.

Baba ya ɗauka bai ji daidai ba. Ya tuna mini da duk surutun da na yi, ya ce in yi tunani da kyau, kar mu koma gida in ishe shi da kuka. Na ce na yi tunani. Ya ɗaga kafaɗa ya ce to shi ke nan, taso mu je, ya miƙo mini hannu. Ban tashi ba. Na sunkuyar da kai ina tsintar ƙwayar shinkafa a tabarma, domin abin da nake so ba abin da ake faɗa ba ne, kuma ko ana faɗa ba ni da bakin faɗarsa. Baba ya tsaya da hannunsa a miƙe yana kallona yana kallon Inna. Inna kuwa, wadda ba a taɓa rasa magana a bakinta ba, ta duƙufa tana gyara wa autar takalmin da babu abin da ya same shi.

Na fara jin kunyar kaina. Matar nan yanzu ta gama amai, ko zama sosai ba ta iya yi, kuma ta rantse a gaban kowa. Har na buɗe baki zan ce na fasa, a kai ni motar.

Sai mayafin ya motsa. Mama ta tashi zaune a hankali, ta dafa bishiya ta miƙe, ta kwance zanenta ta sake ɗaure shi tamau. Ta ɗaga kai ta dubi lilon har ƙolinsa. Ba ta kalle ni ba, Baba ta kalla.

"Malam, ka zauna, kai ka gaji," in ji ta. "A ce wa waccan ta zo mu je."